Hoto na Huɗu

A taƙaice: yarinya 'yar shekara shida ta faɗo daga lilo a makaranta da ƙarfe goma na safe, goshinta ya kumbura, aka kai ta asibiti, aka dawo da ita ba a yi mata komai ba. Ga bayanin yadda aka yi.

Likita ta haska idanunta, ta sa ta tafiya a kan layin tayil, ta ce ba ta ga abin tsoro ba. Uban, direban tirela, bai yarda da lafiyar da ba a ɗauki hotonta ba.

"Likita, a sa ta a na'urar ɗaukar hoto ta siti a duba cikin kan, hankalinmu ya kwanta."

Mutum goma sha biyar na jira a waje. Likita ta jawo takardar tura ta hoton, ta cire murfin biro.

Nan kakan yarinyar ya yi gyaran murya. Shekara talatin ya yi a ɗakin ajiyar fayil, ritaya kuma ba ta warkar da shi ba. Kowane jika da fayil ɗinsa, har da lamba. 'Ya'yansa Rajista suke kiransa a bayan idonsa.

"Baba, don Allah ba yanzu ba," in ji uban.

Tsohon ya shimfiɗa takardu uku: faɗuwa daga gado, ciwon kai, karon keke. Hoto uku cikin shekara biyu, asibiti uku, kowanne yana zaton shi ne na farko. Duka lafiya lau.

Likita ta mayar da murfin biro. "Hasken na'urar nan ba a maimaita wa yaro shi sai da dalili. Za mu riƙe ta awa huɗu. In ta yi amai, ko barci ya rinjaye ta, da kaina zan tura ta."

"In kuma jini na zuba a ciki fa?" Muryar uban ta yi ƙasa.

Wannan tambaya ba ta cikin fayil. Tsohon ya zauna bakin gado yana rubuta halinta kowane minti goma sha biyar. A awa ta uku yarinyar ta rufe ido.

"Amarya?" in ji tsohon. Ya sunkuya. "Amaryata?"

Ta buɗe ido ɗaya. "Tsoho, ka cika surutu. Ni na fasa aurenka, ba ka da haƙori."

Ya gyara tabarau, ya rubuta: "Ɗaya da rabi, tana cikin hayyacinta."

Asarar da aka yi: awa huɗu, lodi ɗaya da ya wuce uban, fakitin biskit biyu, takardar likita ɗaya da aka yaga. Fayil ya ƙaru da shafi guda. Uban ya roƙi kwafi.