Ruwan Ɗauraya

Tela ta fara tara ruwan ɗauraya ne a watan da aka karɓe mukullin bas daga hannun mijinta. Shekara goma sha tara yana tuƙa motar kamfani, har ranar da ya wuce fasinjoji a tasha uku a jere bai gan su ba. Likita ya ce yanar ido ce, a duka biyun, amma na dama ya fi muni. Aiki za a yi, kuma ba kyauta ba.

Suna zaune a hawa na biyu na wani bene mai gidaje takwas, ɗaki biyu da falo, da 'yar baranda wadda tabarma ɗaya ke cikawa. A falon take ɗinkinta. Kowa a layin yana ce mata Tela, shi kuma mijin ana ce masa Direba, ko da tuƙin ya ƙare.

'Yarsu Auta, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, ita ta zo da wata takarda daga makaranta.

"Mama, kin gani. In muka rage ɓarnar ruwa da wuta, mun taimaki muhalli, kuma kuɗi ya zauna a aljihu."

"Muhalli ya yi ta kansa," in ji Direba daga kan kujerarsa. "Karanta mana wajen aljihun."

Auta ta karanta, Tela ta saurara da allura a baki. Washegari ta liƙa takardar a ƙofar kicin, ta kama abin da gaske kamar wadda aka yi wa wahayi. Ruwan da ta ɗauraye kaya da shi ba ya zubewa, da shi za a goge ƙasa, abin da ya rage a kai ban ɗaki. Ruwan wanke kayan miya yana da nasa bokitin. Ɓawon albasa da na ƙwai da ragowar ganye ta riƙa zubawa a wani tsohon bokitin fenti, ta rufe, ya zama taki. A wasu bokitai huɗu ta shuka tumatir da barkono a baranda. Ƙyallayen da a da take sharewa ta harhaɗa su ta yi jakunkunan cefane, ta daina karɓar leda. Ta canza ƙwayayen fitila zuwa masu cin wuta kaɗan. Daga ƙarshe ta kwance motar lantarkin da ke juya keken ɗinkinta, ta naɗe ta a tsumma, ta koma taka shi da ƙafa kamar yadda ta koya tun tana budurwa.

"A gidan nan ruwa sai ya yi aiki uku kafin a sallame shi," in ji Direba. "Ni ɗaya na yi aka sallame ni."

Ta yi dariya. A lokacin akwai sauran dariya a gidan.

Ƙarshen wata kuɗin wuta ya ɗan sauka. Na ruwa bai motsa ba. Wata na biyu ma sai ya hau. Ta yafa mayafi ta tafi ofishin wakilin mai gida, wani ɗan ɗaki a bayan shagon taya, fanka na juyawa a kansa, fitila na ci da rana tsaka.

"Ranka ya daɗe, kuskure aka yi. Mu da muke wanka da rabin bokiti."

Wakilin bai ko ɗago sosai ba. "Maman Auta, mita ɗaya ce a benen nan duka. Abin da ta nuna a raba takwas. Ita ba ta san fuskar kowa ba."

"To a sa mini tawa."

"Sai a sa, in ke za ki biya mai aikin famfo da fasa bango."

Da ya faɗi kuɗin aikin, ta yi masa godiya ta fito.

Sai ta bi maƙwabta ƙofa ƙofa. A hawa na uku suka saurare ta daga bakin ƙofa, suka ce za su duba. Wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai ta amsa da murna, amma ita dama tulu ɗaya ke kai ta kwana biyu. A ƙasa akwai wani mai motoci biyu, kullum da safe yana wanke su, tiyo na kwarara a ƙasa yana amsa waya. Ta gaishe shi har da rusunawa, ta yi masa bayani.

"Baiwar Allah, kuɗina nake biya," ya ce.

"Da namu a ciki, Alhaji."

Ya dube ta, ya juya ya ci gaba da wayarsa. Daga ranar matarsa ta daina kawo mata ɗinki.

Ba a yi sati biyu ba wakilin ya hawo da kansa. An kai ƙara: bokitin taki na tara ƙudaje, ruwan shuka na ɗiga kan shanyar mutanen ƙasa, bango ya fara tabo. Ya ba ta kwana uku ta kwashe su. Tumatirin ya riga ya yi fure, guda biyu har sun ɗaura 'ya'ya ƙanana kore. Ita da Auta suka sauko da bokitan ɗaya bayan ɗaya, suka juye a bola. Auta tana kuka, Tela ta ce ta yi shiru kada babanta ya ji.

Ya ji. Da suka hawo ya ce, "Tela, ki bar abin nan haka. Kin rame."

"Kai ka gani?"

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Ta shiga kicin ta tsaya gaban bokitan ruwanta, ta daɗe ba ta taɓa komai ba.

Gwiwarta ta dama ta fara kumburi a wata na biyar. Ta ɗaure da ƙyalle ta ci gaba da takawa. Wata ƙaramar makaranta ta ba ta ɗinkin kayan ɗalibai, aiki mafi tsoka da ta samu a shekarar. Ranar karɓa ta zo ba ta yi rabi ba. Shugabar makarantar ta aiko aka kwashe yadin, ɗinkakke da wanda ba a taɓa ba, aka kai wa masu keken lantarki a kasuwa. A ranar Tela ta warware tsumma ta mayar da motar keken. A watan kuma aka ƙara farashin wuta, ƙarin ya haɗiye duk abin da ƙwayayen fitilarta suka rage.

Duk da haka ta tara wani abu. Yayarta ta ƙara mata nata. Ta riƙo hannun Direba suka tafi asibiti, suka zauna a benci tun safe har bayan azahar. Ma'aikaciyar da ke bayan gilashi ta ce farashin aikin ya tashi tun watanni uku da suka wuce, abin da suka zo da shi ko rabi bai kai ba. Tela ta roƙi a bar likita ya duba shi ko da ba za a yi aikin ba. Likitan ya haska idon dama, ya daɗe, ya kashe fitilarsa.

"Baba, wannan ba yana kaɗai ba ce. Jijiyar ta riga ta tafi. Na hagun za mu yi ƙoƙari a kai, in kun zo da wuri."

"Da wuri kamar yaushe?" in ji Tela.

"Kamar yanzu."

Ta riƙo hannun Direba suka koma gida.

Da shekarar haya ta cika aka ƙara kuɗin gida. Kuɗin asibitin ne suka tafi wajen neman wani wurin, ɗaki ɗaya a ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare. Auta ta gama jarrabawa ta kama aiki a wani kanti, maganar ci gaba da karatu ba wanda ya sake ɗagowa. Keken ɗinki ya zauna a gefen katifa, amma a sabuwar unguwar ba mai kawo sabon yadi, sai faci da rage ƙugu.

Gidan babu famfo. Kowace safiya Tela na bin layi a bakin titi da jarka biyu, ta dawo tana ɗingishi, tana hutawa sau uku a hanya. Direba na zaune a bakin ƙofa, fuskarsa na kallon inda yake jin rana. Idon hagun yanzu inuwa kawai yake rarrabewa.

Wata safiya ta sauke jarkunan a gabansa tana haki. Ya miƙa hannu yana laluba.

"Kawo ɗaya in shigar miki."

"Bari, Malam, akwai dakali, kada ka faɗi."

"Na san dakalin."

Ta sa masa marikin jarkar a hannu. Ya ɗaga, ya yi taku biyu, ya tsaya.

"Tela, ta ina ƙofar take?"

Ta kama gwiwar hannunsa ta juya shi.