Naman Layya a Firjin Ɗakin Bincike

Wari ne ya tari Sadiyatu tun daga ƙofar ɗakin bincike, ranar da aka dawo hutun Babbar Sallah. Akwatunan bincikenta goma sha biyu na jere a kan tebur, ruwa na ɗiga daga ƙarƙashinsu.

Wata tara ta kwashe tana wannan aiki. Allura take yi wa ɓeraye, garkuwar jikinsu ta juya ta far wa jijiyoyinsu. Wutsiya ke fara saki, ƙafafun baya su biyo. Sai ta ciri lakarsu ta adana a firji, don ta gano abin da ke sa ƙwayoyin jijiya su riƙa kashe kansu ɗaya bayan ɗaya, kamar an ba su umarni. Irin ciwon da ya zaunar da ƙanwarta Hussaina ke nan, wanda dangi suka dage sammu ne.

Ta buɗe firjin. Cinyoyin raguna ne maƙil, kowace leda da sunan mai ita, har da lakabi, don manyan malamai ba sa wasa da lakabi.

Malam Junaidu mai kula da ɗakin ya sunkuyar da kai. "Farfesa Tambari yac ce a fidda su. Kin san nan kaɗai wuta ba ta ɗaukewa."

* * *

Farfesa Tambari, shugaban sashen, ya saurare ta yana murmushi.

"Haba ɗiyata, naman ibada na, ba a bari shi lalace. Ɓera kau mi na? Ga su nan cike da kasuwa. Ki sake wasu."

Ta so ta ce masa ba ɓerayen kwata ba ne, kuma wa'adin karatunta wata mai kamawa zai cika. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, da ya sa aka miƙo mata cinya guda, sai ta ji bakinta ya ce, "Allah shi ƙara girma."

* * *

A gidansu na unguwar Minanata ta tarar da Hussaina a kan tabarma, ƙafafu a miƙe. Inna ta leƙa ledar ta hau sa wa Farfesa albarka, wai mutumin kirki.

"Yaya, ɓerayen naki sun faɗi mi ka damuna?" in ji Hussaina.

Hussaina ta jawo ledar ta ɗora a kan ƙafarta. Naman na nan da ƙanƙararsa, bai ko fara narkewa ba.

"Da sanyi, Yaya? Ni ban jin komi."