Man Kaɗe a Sandar Farfela

Ruwan ya fara hawa tun da hantsi. Ba a yi ruwan sama a Madarumfa ba. Daga kudu ya sauko, jajir, ɗauke da kara da kututture, ya cika gulbi ya juyo cikin tabki. Kafin azahar ya shanye hanyar ƙafar da ake bi zuwa Tudun Goruba, inda Malam Yahaya yake tsaron garkarsa shi kaɗai. Tsohon ya kira ɗansa Illo ya ce ruwa ya kai bakin rijiya, amma kada kowa ya ta da hankalinsa. Daga nan wayarsa ta daina shiga.

Illo masunci ne, kuma shi kaɗai ke da jirgi mai inji a wannan gaɓar. Kwalekwalen sauran duk na tuƙin sanda ne, babu wanda zai iya ratsa igiyar ruwan da ta raba tudun da gari. Jirgin Illo kuwa yana ɗage bisa tayoyi a ƙofar Sama'ila mai walda, don sandar farfelarsa ta karye. Injin a cikin jirgi yake zaune, sandar ce ke ratsa wani bututu a gindin jirgin ta fita ruwa ta juya farfela. An aika garin Ɗan Isa a sayo wata, sai aka kawo ta wani irin inji daban. Ta fi tsohuwar tsawo, haƙoranta ba su shiga, ga ta siririya.

Sama'ila taubashin Illo ne, ba sa haɗuwa sai da tsiya, amma ran nan aiki ya fi magana yawa. Ya yanke sabuwar sandar, ya yanko kan tsohuwar mai haƙora ya liƙa mata da walda, ya mirgina ta bisa teburin ƙarfe yana duba ko ta karkace. Ba ta karkace ba. Da aka zura ta cikin bututun kuwa sai ta yi lakwalakwa, zoben kawucu, wato roba, da ke tare ruwa bai kama ta ba. Sama'ila ya ce wannan sai an kai Maradi an sassaƙo mata wani zobe daidai kaurinta, kuma aikin yini ne.

"Ni ƙarfe na sani, bawana," in ji shi. "Ruwa naku ne, masu warin kifi."

Illo ya dubi tabki. Gorubobin tudun sun fara zama kamar a cikin ruwa suka tsiro. Ya aika gida matarsa Barira ta kawo auduga da man kaɗe. Da su masunta suke toshe tsagar kwalekwale tun kakanni, kuma bai taɓa ganin sun ba da kunya ba. Ya murza audugar da man, ya cusa kewaye da sandar, ya daddanna da tsinken ƙarfe har ta ƙi shiga. Suka cika bokiti suka zuba daga ciki, ko ɗigo bai fita ba. Sama'ila ya ce ashe kan masunci na da wani amfani ban da ɗaukar taru. Maza suka taru aka tura jirgin ruwa.

Tafiya ta yi kyau. Sandar na ɗan kaɗawa ƙarƙashin ƙafarsa, amma jirgin ya yanka igiyar ruwan a karkace ya isa tudun. Ya tarar da albasa da barkono duk sun nutse, tsohon yana tsaye bisa dakalin rijiya, ruwa a idon sawunsa, ya rungume injin ban ruwansa kamar jariri. Illo ya ce nauyi zai yi yawa. Malam Yahaya ya ce shi da injin tare suka zo, tare za su koma. Illo bai taɓa musu da ubansa ba, yau ma bai fara ba. Ya ɗora injin a tsakiya, ya kama hannun tsohon ya zaunar da shi.

Sun shiga tsakiyar igiyar ruwan ke nan Illo ya ji ƙamshi, irin na madafa idan an ɗora kasko. Ya waiwaya. Man kaɗen ya narke yana gangarowa daga bakin bututun, audugar ta fara fitowa zare-zare tana naɗewa a sandar. Tsagar kwalekwale ba ta juyawa, ba ta zafi. Wannan ne bai zo masa a rai ba, bai kuma zo wa kowa a gaɓa ba. Ruwa ya biyo bayan man, da farko kamar bakin buta, sannan ya yi kauri.

Ya rage wuta, tsiyayar ta ragu, amma nan take igiyar ta juya hancin jirgin ta nufi da shi kurmin bagaruwar da ta nutse, inda kututture ke taruwa suna karo. Ya ƙara wuta, jirgin ya miƙe, ruwan ya ƙaru. Tsohon ya jawo yankakken bido, wato jarka. Ya fara kwarfar ruwa da shi. Malam Yahaya manomi ne, bai iya iyo ba, kuma su biyun sun san haka.

Illo ya auna mashigar gari da ido, inda mutane suke tsaye, ya auna ruwan da ke cikin jirgi. Ba za su kai ba. Can ƙasa, hannun hagu, akwai gonar dawa da ambaliya ta shiga, kawunan dawar na leƙowa. Inda dawa ta leƙo, namiji zai iya tsayawa. Ya karkata jirgin ya bi da ruwan maimakon ya yi ta ja da shi, ya buɗe wuta duka.

Ruwa ya rufe musu idon sawu, ya kai ƙwauri. Gindin jirgin ya fara zama. Malam Yahaya ya ajiye bidon, ya dubi injin ban ruwan na ɗan lokaci.

"Illo, ɗauke shi."

"Baba, in na saki nan za mu juya."

Tsohon ya durƙusa ya cicciɓi injin da kansa, ya jingina shi a gefen jirgi, ya tura shi ruwa. Jirgin ya yi tangal-tangal ya ɗan ɗago. Wannan ɗagowar ce ta kai su bakin gonar. Injin jirgin ya shaƙi ruwa, ya yi tari, ya mutu, sauran gudun ya cusa su cikin karan dawa, suna jin yana karyewa ƙarƙashinsu. Sannan jirgin ya tsaya ya fara nutsewa a hankali.

Illo ya dira. Ruwa ya kai masa ƙirji, ƙafarsa ta sami laka, ta zame, ta sake samu. Ya juya baya ya ce wa tsohon ya hau. Malam Yahaya ya kama wuyansa. Illo ya riƙa kama kara yana ja, yana laluben kunyar gona da ƙafa, har ruwan ya sauko ƙugu, ya sauko gwiwa. Daga gaba ya ji muryar Sama'ila da ta wasu maza suna fasa dawa da igiya a hannu.

A kan busasshiyar ƙasa ya sauke shi. Tsohon ya zauna yana maida numfashi. Illo ya waiwaya, bai ga komai na jirgin ba sai hancinsa. Malam Yahaya shi ma ya waiwaya, amma hanyar da suka fasa cikin dawar yake kallo.

"Gonar wa muka tattake haka?"

"Ta Mahaman ce, Baba."

"To in mun sake kaya sai ka raka ni mu ba shi haƙuri."