Yadda Aka Daina Ba Halfan Hanci

A duk garin Buraimi, can ƙasar Larabawa, babu mai ƙona turare kamar Halfan mai raƙuma. Kafin ya fita sai ya tsuguna kan kasko, ya turara gemu da jallabiya har hayaƙi ya fito ta wuya. Amma da ya buɗe baki, duk wahalar kaskon ta tashi a banza. Shi kaɗai ne bai sani ba.

Maza a nan da hanci suke gaisawa, a matso a goga sau biyu. To, sannu a hankali samari suka daina ba Halfan hanci. Da ya miƙo fuska sai su yi wuf su sumbaci tsakar kansa, irin yadda ake yi wa dattawa. Gogan naka ya ɗauka girma ne ya zo. Har tafiyarsa ta sauya.

Inda abin ya ɓaci shi ne majalisar Humaidu, ɗan baffansa, wanda suka yi kiwo tare tun suna yara. Halfan ya kawo hanci, Humaidu ya tare shi da hannu daga nesa, ya kira shi da alkunyarsa.

"Mura nake yi, Abu Saif. Kada in shafa maka."

Murar nan ta ƙi warkewa, aka ci dabinon bana aka gama tana nan. Kuma a gaban idonsa mai murar yake goga hanci da kowa, har da direban tankar ruwa. Halfan ya rantse ba zai taka bikin ɗan Humaidu ba, zumunci kuma kowa ya riƙe nasa.

Yayarsa Mauza ce ta same shi a tsakar gida yana cusa taba a lofe.

"Na ji wai ba ka zuwa biki."

"Yaya, mutumin nan ya raina ni. Hancinsa na zinariya ne?"

"Matso in gaya maka. A'a, tsaya nan, ya isa." Ta ja mayafi ta toshe hanci. "Halfan, bakinka wari yake. Ko raƙuminka juya kai yake in ka yi masa magana."

"Ni? Kin san turaren da nake sawa?"

"A gemu kake sawa. Gemun ne ke ciwo? An rufe mushe da darduma ana cewa an yi shara. Shaƙi bayan hannunka bayan ka lasa, ka ji abin da bayin Allah suke haƙuri da shi."

Ya lasa, ya jira ya bushe, ya shaƙa, ya kawar da kai.

"To me ya hana su faɗa mini?"

"Maza ne ai. Gara su bar zumunci ya mutu da su ce wa mutum wanke baki."

Likitar haƙorin da ya je wurinta ba ta san kara ba. Ta leƙa, ta gyara ƙyallen hancinta, ta shiga lissafa masa. Turmin haƙori guda ya ruɓe, busasshen kifi da dabino sun samu ɗaki a ciki. Dasashi ya kumbura yana jini. Harshe ya yi fari fat don ba a taɓa kankare shi ba. Ga lofe, ga gahawa kofi bayan kofi ba ruwa, baki ya bushe ƙamas.

"Asuwakin da ke aljihunka fa, Baba?"

"Ina sawa a baki."

"Na gani, kamar sigari. Gogawa ake yi."

Ta cire turmin, ta wanke sauran. Ta ce buroshi safe da dare, a bi tsakanin haƙora da zare, a kankare harshe, a sha ruwa, lofe kuma a yi sallama da shi. Halfan ya bi, yana yi yana ƙunƙuni. Da lofen ya tafi, har hancinsa ya buɗe, ya fara jin ƙamshin da ya manta.

Ran biki ya shiga rumfa ana ta kiɗa da wasan sanda. Humaidu na ganinsa ya shirya hannu.

"Ajiye hannun nan, Abu Nasir. Murar ba ta warke ba?"

Humaidu ya cije, ya matso kamar mai shiga rijiya. Hanci ya taɓa hanci. Sai ya saki numfashi, ya ƙara gogawa, ya rungume shi yana dariya.

"Wallahi ta warke, ɗan'uwa! Yau ta warke!"

Dariyar ta bugi fuskar Halfan, sai da idonsa ya kawo ruwa. Ashe shi ma mai murar da nasa mushen, lofe ne ya hana Halfan ji tuntuni. Halfan ya buɗe baki zai faɗa, ya dubi jama'a, ya haɗiye. Ya kama kan Humaidu da hannu biyu, ya sumbaci tsakarsa.

Humaidu ya gyara tsayuwa, ya dubi mutane yana murmushi. Girma ya zo.