Farar Rigar Yaya Issaka

Ranar da Buraima mai ɗaurin goro ya yi mafarki haƙorinsa na sama ya faɗo, ko koko bai sha ba ya nufi zauren Malam Seini, wanda duk Zangon Kumasi ke kai wa mafarki. Malam ya ce faɗuwar haƙorin sama rasuwar babba ce a dangi, kuma irin wannan mafarki ba a yawo da shi. Babba ɗaya ya rage wa Buraima, wansa Issaka, wanda ya bi ayarin Salaga wata huɗu babu labari.

Bakin Buraima bai riƙe ba. Kafin la'asar masu goro duk sun ji, har an fara yi masa sannu. Ya yanko farin yadi na likkafani ya ajiye kan akwati, ko da za a kawo gawar wansa.

Ran Talata sai ga Issaka da jakunansa, har ƙiba ya yi. Yana shiga ɗaki ya ga yadin.

"Wannan fa, Buraima?"

"Naka ne, Yaya," in ji shi, kansa a ƙasa.

Issaka ya kai wa maɗinki. Ran Juma'a ya fito cikin riga fara ƙal, ya riƙo hannun ƙanensa a ƙofar masallaci.

"Ku ga abin da ɗan'uwana ya tanadar mini tun ban dawo ba."

Babu wanda ya yi dariya. Malam Seini ya shafa rigar, ya ce Allah ya sa ta tsufa a jikinsa. Buraima kuwa ya duƙa yana neman takalmansa, alhali suna ƙafarsa.