Ba Za A Kira Ɗana Iskandar Ba

Gobe suna, an riga an ɗaure rago a gonar da ake yanka a bayan gari, amma takardar haihuwa na nan kan tebur, gurbin sunan yaro fanko. Sau biyu matar asibiti na bugo waya.

"Sa hannu kawai, Liyatu," in ji Bello, mijinta, yana miƙa mata biro. Ko rigar aikin sito bai cire ba tun da ya dawo daga wurin aikinsa na Wendover, a nan ƙasar Turawa.

Ta gyara wa jaririn kwanciya a kafaɗarta. "Wane suna zan sa wa hannu?"

"Na gaya miki. Iskandar. A makaranta su ce Alex, shi ke nan, ba mai tsare shi awa huɗu a filin jirgi kamar yadda aka yi mini bara."

"Wallahi ba da hannuna ba."

Alhaji Moutari, kawun Bello, wanda shi zai raɗa sunan gobe, ya ajiye kofin shayinsa. "Haba ɗiyata. Ai ana cewa shi ne Zulƙarnaini, bawan Allah da ya kai gabas da yamma."

"Baba Alhaji, ka gafarce ni. Wata uku na yi ina karanta mutumin nan a kwaleji, da cikin yaron nan." Ta janyo wani ƙaton littafin tarihi daga ƙarƙashin kwandon tsummoki, ta buɗe inda ta naɗe. "Ga shi. Wani birni a bakin teku ya ƙi buɗe masa ƙofa. Da ya ci su, ya gicciye maza dubu biyu, ya sayar da mata da yara. Ya ƙone fadar Farisa. Ya ce shi ɗan abin bautar Girkawa ne. Wannan ne bawan Allah?"

"Amma ya gina birane," Bello ya katse ta. "Ya kai ilimi har Indiya. Ke da bakinki kika ce harshen Girka ya game duniya."

"Ya game mana! In ka kashe mai gida, ai da bakinka marayunsa za su yi magana. Malamarmu ta rubuta a allo wai yaɗuwar wayewa. Na ce mata, Madam, a gidanmu mun san irin wannan wayewar."

Jaririn ya motsa. Ta sassauta murya, amma idonta ya yi ja.

"Ran da sojojin Faransa suka shiga Birnin Konni, Rabiou, uban kakata, yana ɗan shekara tara. Cikin rumbu ya kwana biyu. Da ya fito, bai tarar da kowa ba a gidansu. Daga baya aka gina mana lakwal, makarantar bokonsu, aka ce mu gode. Har yau in na firgita, da Faransanci nake ƙirga."

Bello ya yi tsaki. "Me ya haɗa Girka da Konni?"

"Tambayi Baba Alhaji abin da aka rataya masa a wuya."

 Hannun tsohon ya tafi wuyan rigarsa.

"Ƙashin jaki," ya ce a hankali. "A lakwal na ce wa abokina ya ba ni ruwa, da Hausa, alhali an hana yin ta. Yini guda na yi da shi, 'yan aji na ta dariya." Ya dubi littafin. "Kuma gaskiya, malamai sun saɓa. Da yawa sun ce Zulƙarnaini daban, wannan daban."

"Kawu, rayuwar yaron nake dubawa!" in ji Bello.

"Na sani. Amma gobe ka nemi wani bakin. Nawa ba zai faɗi sunan nan ba."

Bello ya tashi ya tsaya jikin taga. Motoci na ta gudu a titi. Wayar gida ta ɗauki ƙara. Duk sun san matar asibiti ce. Har ta tsinke ba wanda ya ɗaga.

Ya dawo ya fizgi biron, ya rubuta da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa: Rabiou Bello.

"Turawan nan ba za su iya faɗa ba," ya ce. "Za ki gani."

Liyatu ta karɓi biron ta sa hannu.

"Su koya. Mu da ƙashi a wuya muka koyi nasu."