Yatsan Baba Namadi

Shekara goma sha tara Baba Namadi yana gadin wata lise, wato makarantar sakandare, a Mayahi, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Shi ya sa da malamin kimiyya, Mushe Khalid kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, ya same shi bakin ƙofa ya ce yana so ya yi masa sata, tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Ta wasa ce, Baba. So nake 'yan ajin ƙarshe su koyi gano mai laifi daga alamun da ya bari. Gobe kafin su iso, ka shiga labo, ɗakin gwaje-gwaje, ka ɗauke madubin nan mai ƙara girman abu, ka ɓoye a ɗakinka."

"In dai don karatun yaran nan ne, to," in ji shi.

Da safe ya yi aikin tsakani da Allah. Makiyayi ne a Issawane kafin ya zo gari, ya san bin sawu, ya san ɓatar da shi. Ya tuɓe takalma, ya share sawunsa da reshen dogon yaro, ya bar taga a buɗe don a ce ta nan aka shiga. Sannan ya koma bencinsa, yana ji kamar da gaske ya yi satar.

Daga nan yake hangen ɗaliban. Sun kewaye labo da igiya, sun sa safar hannu, kowa da takardarsa. Wani dogo mai suna Muddassir ya duba taga ya ce ƙurar da ke kanta ba ta motsa ba, ke nan ta ƙofa aka shiga, da makulli. Baba ya gyaɗa kai, yaron ya burge shi. Lubna kuwa, 'yar garin Kanan-Bakashe da ke gaishe shi har ƙasa kowace safiya, ta barbaɗa garin gawayi a gilashin kabad ɗin da ake ajiye madubin, ta ɗauke zanen yatsa da sikoci, wato tef mai mannewa, ta manna a farar takarda.

Mutum uku ke riƙe da makulli: dirakta, da Mushe Khalid, da mai gadi. Aka kira su, kowa ya dangwala yatsa a tawada. Sai a lokacin Baba ya tuna da tabon da igiyar guga ta bar masa a babban yatsa.

Lubna ta jera takardun, ta duba, ta sake dubawa. Sauran suka leƙa ta kafaɗarta. 

"Wa kuka samu?" in ji Mushe Khalid.

Ta kife takardar. "Mushe, zanen bai fito sosai ba."

Ba wanda ya ƙaryata ta, har Muddassir mai son gardama ya sunkuyar da kai. Baba ya gane kunyarsa suke ji, sai idonsa ya ciko. Ya matsa kusa da ita.

"Ɗiyata, mi kika gani?"

"Baba, ai ba a faɗi."

"A wannan aiki ana faɗi. In kin rufa mini yau, gobe wani marar laifi za a kama. Juya takardar."

Ta juya a hankali, ta nuna layin tabon a nan da can. Ta ce, "Yatsan Baba ne."

"Madalla," in ji shi. Shi ya fara tafa hannu, kafin ajin ya ɗauka da dariya.

Ya je ya kawo madubin, naɗe cikin rawaninsa don kada ya yi ƙura. Da ya ajiye, bai tafi ba. Ya ce shekara da shekaru yana kulle abin nan bai taɓa leƙa shi ba. Lubna ta roƙi gashi ɗaya daga gemunsa, ta gyara masa kujera, ta nuna masa inda zai sa ido.

Ya daɗe a sunkuye. "Wanga ai karan gero ne," ya ce. "Ku sa mini wani abin in gani."